Ya Ce Sai Na Rabu Da "Feminizam" Kafin A Ɗaura Mana Aure

Assalamu alaikum Anti. Ni ungozoma ce, shekarata 26, ina aiki a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati, kuma an sa ranar aurena, saura wata uku. A ƙarshen mako ina taimaka wa wata 'yar ƙungiya ta matan unguwarmu, wadda take raka zawarawa kotu neman kuɗin ciyar da 'ya'yansu, take kuma haɗa kuɗin makaranta ga 'yan matan da iyayensu suka gaza. Kwanakin baya wata mata ta rasu a hannunmu saboda zubar jini. Ta kwana biyu tana naƙuda a gida domin mijinta ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yarda ya kai ta asibiti ba da izininsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, sai na rubuta a Facebook cewa ran mace bai kamata ya rataya a kan wayar da ba ta shiga ba. Abokan wanda zan aura suka ɗauki hoton rubutun suka tura masa, suna yi masa dariya wai zai auri 'yar feminis, wadda ba za ta yi masa girki ba balle biyayya. Yanzu ya gindaya mini sharuɗɗa uku: in goge rubutun, in rubuta a fili cewa ni ba feminis ba ce, in kuma bar ƙungiyar. Mahaifiyata ta ce in bi, domin darajar mace ɗakinta. Ni kuwa ina son sa, ban taɓa ganin mugun hali gare shi ba, kuma ban taɓa kiran kaina da wannan suna ba, hasali ma ban san ainihin ma'anarsa ba. Anti, mene ne feminizam, me yake nema a yau, shin ya saɓa wa addini, kuma yaya zan yi?

Ƙanwarki mai neman shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah, ya karɓi shahadarta, ya kuma ba ki ladan hannun da kika sa. Kafin komai, kada ki amsa masa sharuɗɗan nan a dunƙule, ko da amincewa ko da ƙi, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma na ukun shi ne zai nuna miki irin zaman da yake jiran ki. Zan zo kansu, amma tun da ma'ana kika fara tambaya, daga can zan ɗauko.

Feminizam suna ne da Turawa suka ba wa fafutukar da take cewa mace cikakkiyar mutum ce, mai hankali da dukiya da ra'ayin kanta, saboda haka bai dace a hana ta wani haƙƙi don kawai an haife ta mace ba, kuma idan an hana ta, ya zama dole jama'a su haɗu su nemi gyara. Iyakar abin da duk masu ɗauke da sunan suka haɗu a kansa ke nan. Abin da ya haifar da fafutukar kuwa shi ne halin da matan Turai da Amurka suke ciki a ƙarni na 19. A Ingila ta wancan zamani, da zarar mace ta yi aure sai abin da ta mallaka ya koma hannun mijinta a idon doka, kuma sai a 1882 aka yi dokar da ta ba matar aure cikakken ikon riƙe dukiyarta da sunanta. A 1848 mata da wasu maza suka yi taro a garin Seneca Falls na Amurka, inda suka nemi a ba mata damar jefa ƙuri'a, amma sai a 1920 tsarin mulkin ƙasar ya tabbatar da ita. New Zealand ta riga su tun 1893, Birtaniya ta fara a 1918 da matan da suka kai shekara 30 sannan ta daidaita su da maza a 1928, Faransa kuwa sai a 1944. Bayan an samu ƙuri'a hankali ya koma kan wurin aiki da cikin gida, aka yi dokar biyan albashi ɗaya ga aiki ɗaya a Amurka a 1963 da Birtaniya a 1970, aka kuma fara ɗaukar dukan mata da fyaɗe a matsayin laifin da hukuma za ta shiga ciki.

Daga nan ne kawuna suka rabu, kuma har yau a rabe suke. Baƙaƙen matan Amurka sun ce fafutukar ta fi kula da damuwar fararen mata masu hali, ta manta da wadda wariyar launin fata da talauci suka haɗar wa. A 1989 ne lauya Kimberlé Crenshaw ta yi bayanin da ya shahara a kan yadda waɗannan wahalhalu suke haɗuwa a kan mace ɗaya. Matan Afirka da na Asiya su ma sun ce ba za a zauna a Landan ko Washinton a tsara musu abin da zai fi damun su ba. A cikin masu amsa sunan akwai mai ganin aure da addini su ne tushen danne mace, akwai kuma mai kare haƙƙin mata daga cikin masallaci ko coci. Suna jayayya mai zafi a tsakaninsu a kan zubar da ciki, da karuwanci, da batun sauya jinsi. Don haka wanda ya yi musu kuɗin goro ya ce duk abu ɗaya suke nema, bai san su ba.

Wannan shi ne ya kawo mu ga tambayarki ta addini, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Akwai ra'ayoyi a ƙarƙashin wannan suna da Musulma ba za ta ɗauka ba, kamar cewa a soke rabon gado yadda Alƙur'ani ya tsara, ko a halatta zaman mace da namiji ba aure, ko a ce miji ba shi da wani matsayi na shugabanci da ɗaukar nauyi a gidansa. Idan irin waɗannan ne suka tsorata wanda za ki aura, tsoronsa yana da asali, kuma ya cancanci ki ba shi amsa cikin mutunci. Sai dai ki duba wasiƙarki da kyau. Abin da kika yi kuka a kansa shi ne rai ya salwanta saboda jiran izini, alhali ceton rai yana gaba da izinin kowa, kuma babu malamin kirki da zai ce a bar mace ta mutu da jini don mijinta ba ya gari. Abin da ƙungiyarku take nema a kotu shi ne ciyarwar da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba. Dukiyar da matar Ingila ta yi ta fafutuka har 1882 kafin ta riƙe, Musulma ta same ta a nassi fiye da shekara dubu kafin nan: sadaki nata ne, gado nata ne, cinikinta nata ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da son ranta ba. Ciwonmu a nan shi ne haƙƙin yana rubuce, ana karanta shi a makarantun zaure da na Islamiyya, amma idan aka zo bayarwa sai al'ada da son zuciya su tare ƙofa, wadda ta buɗe baki ta tambaya kuma a ce Turawa ne suka aiko ta.

Wannan zargi na aiken Turawa yana ɓata mini rai, domin yana shafe tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman da suke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta jagoranci matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Ba zan liƙa wa Nana Asma'u sunan feminis ba, domin ba ta san shi ba kuma ba daga can ta ɗebo hujjarta ba, amma duk wanda ya ce ilimin mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa, to ya musanta ta. A siyasa kuma ga Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana yarinya, ta sha duka da ɗauri sau da yawa saboda tana tara mata tana neman musu ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an hana su, kuma sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, suka shiga babban zaɓe a 1979. Yau babu ɗan siyasar Arewa da zai yi wasa da layin mata ranar zaɓe, kuma ban ji wanda yake cewa a mayar da su gida ba, alhali a zamanin Sawaba neman wannan layin ya isa a kira mace da munanan sunaye. A 1985 matan Musulmi suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta FOMWAN a Minna, suka buɗe makarantu da asibitoci. A 2002 a Sakkwato da 2003 a Katsina, kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci sun soke hukuncin jifa da aka yanke wa wasu mata biyu, kuma daga cikin fiƙihun Malikiyya lauyoyinsu suka ɗebo hujjoji, har da mas'alar kwantaccen ciki. Aikin da kike yi a unguwarku yana da iyaye da kakanni a nan gida.

Game da abin da ya kamata a sa a gaba a yau, kowace ƙasa da nata ciwon. A Amurka rigimar zubar da ciki ta sake tashi tun da kotun ƙolinsu a 2022 ta soke hukuncinta na 1973 da ya halatta zubar da ciki, a Turai kuma ana maganar gibin albashi da yawan mata a shugabancin kamfanoni. Wannan nasu ne. A wurinmu, a ganina, abu na farko shi ne mace ta haihu ta tashi da ranta, kuma ke kin fi ni sanin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Abubuwan da suke kashe su sanannu ne, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta, kuma yawancinsu ana iya tare su idan an zo da wuri, an tarar da ma'aikaci, an kuma samu jini. Waɗanda suka tsira da rai daga doguwar naƙuda, wasunsu su ne suke cika asibitin Babbar Ruga a Katsina da cutar yoyon fitsari, yara ƙanana, da yawansu mazajen sun riga sun sallame su. Jinkirin yakan faro daga tsakar gida, daga jiran maigida ko surukar da take ganin zuwa asibiti raki ne, sannan hanya ta ƙara nata, asibitin da ba wuta ba jini ya ƙarasa. Duk wata fafutukar mata da ba ta fara daga nan ba, ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Karatun 'ya mace yana manne da wannan, kuma hujjarsa a bayyane take. Mutumin da ya ƙi yarda likita namiji ya duba matarsa, ya kuma cire 'yarsa daga makaranta a aji uku na sakandare, shi ne yake hana a samu likita macen da yake nema. A Jamhuriyar Nijar, bisa alƙaluman UNICEF, kusan kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma karatun akasarinsu a nan yake tsayawa. A namu ɓangaren tsoro ya ƙaru a kan talauci: an sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, an kwashe 110 a Dapchi a 2018, an sake ɗibar fiye da 270 a Jangebe a 2021, kuma kowace sata tana sa dubban iyayen da ba a taɓa 'ya'yansu ba su ce gara ta zauna a gida.

Inda na fi son in daɗe shi ne maganar saki, domin nan ne aikin ƙungiyarku yake, kuma nan ne muka fi yin nisa da abin da muke karantawa. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta a lokacin idda. Duk da haka kowa ya san yadda ake yi: a miƙa mata takarda da dare, kafin gari ya waye ta ɗaure kayanta a zani ta kama hanyar gidan iyayenta, waɗanda su ma da ƙyar suke ɗora tukunya. Na taɓa zama a barandar wata kotun shari'a kusa da wata mata da ba ta wuce shekara talatin ba, goye da jariri, yara biyu suna riƙe da gefen hijabinta. Ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar sakin, wadda aka yago daga littafin makarantar ɗanta, layi biyu kacal, babu kwanan wata, babu sunan shaida. Wata na bakwai ke nan uban yaran bai aiko da ko mudun masara ba, kuma kuɗin motar da ta zo da shi rance ne. Abin da ta zo nema shi ne alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Ba ta san cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, da 'ya mace har ta tare a gidan miji, matuƙar ita uwar ba ta yi wani auren ba. Ba ta san cewa ciyarwa da tufatarwa da maganin yaran suna kan uba ko a hannun wa suke ba. Tsoronta shi ne idan ta matsa ya ƙwace su. Irin wannan mata, samun wadda za ta zauna kusa da ita ta gaya mata abin da shari'a ta ba ta, ta nuna mata ofishin rajistara, ta haɗa ta da lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar lauyoyi mata, ko na hukumar ba da agajin shari'a waɗanda ba sa karɓar kuɗi, shi ne bambanci tsakanin yaran su ci gaba da makaranta da su fita talla ko bara. Auren zawarawa da gwamnati take ɗaukar nauyi, irin wanda aka yi wa mutum 1,800 da matansu a Kano a 2023, taimako ne, amma ba ya rufe ƙofar da zawarawan suke fitowa ta ciki. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali da za ta tsara aure da saki da ciyarwa, kuma kin ga irin ƙurar da ta tashi.

Sai duka da fyaɗe, waɗanda ake binnewa da sunan rufin asiri, har yarinyar da aka ɓata ta zama ita ce abar kunya, wanda ya ɓata ta yana yawo a gari. An yi dokar VAPP, wadda take hukunta cin zarafin mutane, a 2015, jihohi da yawa sun amince da ita, amma doka ba ta aiki idan dangi sun karɓi kuɗin sulhu kafin a isa caji ofis. Maganar kujerun mulki tana da nata muhimmanci, tun da mata ba su wuce huɗu ba cikin sanatoci 109 na majalisar da aka kafa a 2023, kuma a watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Sai dai ni ina sa ta a bayan waɗancan.

Dole kuma in faɗi laifin ɓangarenmu, domin yana cikin abin da ya jawo miki wannan matsala. Wasu daga cikin masu amsa sunan feminis a intanet sun mayar da abin zagin maza baki ɗaya da gardamar wa zai wanke kwano, suna raina matar da ta zaɓi zaman gida, suna magana da Turancin da matar barandar kotu ba za ta ji ko kalma ɗaya ba. Wasu ƙungiyoyin kuma abin da mai ba da tallafi daga waje yake so shi suke bi, a yi taro a otal a ɗauki hoto a watse. Waɗannan su abokan angonki suka gani, su kuma suka samu sandar dukan duk macen da ta ce an yi ba daidai ba.

Yanzu ga sharuɗɗan. Rubutun Facebook ki sake karanta shi da idon ma'aikaciyar lafiya. Idan akwai abin da zai sa a gane marigayiyar ko mijinta ko unguwarsu, ki goge shi yau, saboda sirrin majinyaci amana ce a wuyanki, kuma mutumin da yake cikin makoki bai kamata ya ga ana yawo da labarinsa ba. Idan babu, kina iya sauke shi don kwantar da hankalin wanda za ki aura, ba ki yi asarar komai ba, domin wa'azin da za ki yi wa mazaje da surukai a ranar awo, cewa su bar izini a buɗe tun cikin yana wata bakwai su kuma tanadi mota da mai ba da jini, ya fi rubutu dubu amfani.

Sanarwar da ya nema a fili kuwa, ban ba ki shawarar ki yi ta ba. Ba ki taɓa kiran kanki da sunan ba, don haka babu abin da za ki janye, kuma ba dominsa za ki rubuta ba, domin abokansa ne. Ki gaya masa a tsakaninku, da bakinki, abin da kika yarda da shi da abin da ba ki yarda da shi ba: kin yarda da aure, da shugabancinsa a gida, da rabon gado yadda Allah ya yi, kuma kin yarda cewa ba a barin mace ta mutu, ba a korar ta a cikin idda, ba a barin yara da yunwa. Wannan ya ishe shi idan gaskiyarki yake son sani. Idan kuka fara zaman aure da wanke kai a gaban majalisar abokai, duk ranar da suka sake yin dariya za a sake neman ki da wata sanarwar.

Barin ƙungiya shi ne ainihin maganar, kuma tun ran gini tun ran zane. Bayan an ɗaura aure fitarki tana buƙatar yardarsa, wannan haka yake a fiƙihu kuma haka yake a zamanmu, saboda haka yanzu ne lokacin da kike da bakin magana. Ki nemi zama da shi a gidanku, cikin natsuwa, ba ta waya ba, ki ajiye kalmar feminis a gefe ki tambaye shi abubuwa da sunansu. Ki tambaye shi mene ne takamaimai ya ƙi a aikin ƙungiyar: lokacin da take ci ne, ko zuwa kotu, ko cuɗanya da maza, ko wata mace a cikinta da bai natsu da ita ba? Duk waɗannan suna da gyara, kina iya rage ranaku, ko ki koma ɓangaren kuɗin makaranta ki bar rakiyar kotu ga manyan mata. Ki gayyace shi ya ga littafin ƙungiyar, ya ga sunayen yaran da aka mayar aji. Sannan ki wuce ƙungiya ki tambaye shi aikin asibiti: ya yarda ki ci gaba, har da kwanan dare? Idan naƙuda ta kama ki ba ya gari, ya ba ki izini tun yanzu a kai ki asibiti? Idan Allah ya ba ku 'ya mace, har ina zai bar ta ta yi karatu? Albashinki naki ne a wurinsa, ko yana da wani lissafi a kai? Ki saurari amsoshin, ki kuma lura da fuskarsa lokacin da kike tambayar, domin mutumin da dariyar abokai ta dame shi kawai zai sauko idan ya ga babu abin kunya a aikin, wanda kuwa tambayar kanta take fusata shi ya nuna miki abin da wata uku na zumuɗin biki za su ɓoye.

Abin da kuka amince a kai kada ya tsaya a tsakaninku. Ki sanar da mahaifinki ko waliyyinki, a faɗe shi a gaban wakilan ango, a rubuta, kowa ya sa hannu. Hadisi ingantacce ya nuna cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu, amma a mazhabarmu ba kowane sharaɗi ne yake zama tilas a gaban alƙali ba, don haka a nemi malami masanin fiƙihu ya nuna yadda za a tsara maganar aikin naki ta yadda za ta ɗaure.

Mahaifiyarki kuma kada ki yi jayayya da ita. Tsoron da take ji shi ne a fasa aure a bar ta da surutun unguwa, kuma ta ga abin da ya samu 'ya'yan wasu. Ki zauna da ita ki ba ta labarin matar da ta rasu tun daga farko har ƙarshe, ki gaya mata cewa so kike a yi maganar yanzu don kada ki dawo mata da akwati bayan shekara guda, ki kuma roƙe ta ita ta kai maganar wurin Baba. Ki yi istihara kafin zaman da bayansa. Idan ya sassauta kuka daidaita, a ci gaba da shiri, Allah ya sa albarka. Idan ya kafe cewa sai kin bar komai ba tare da ya kawo dalili ba, ko ya fara shigo da aikin asibitin cikin abin da za ki bari, ki nemi Baba ya ɗaga ranar da wata biyu ko uku, a sa manya daga ɓangarorin biyu su zauna da shi kafin a kai kayan ɗaki.